Ƙwaron da Ba Shi da Suna: Tafiyata zuwa Dajin Obo a Tsibirin Sao Tome

Jirginmu ya tashi daga Libreville da hantsi, kuma ba mu daɗe a sama ba sai ga tsibirin Sao Tome ya bayyana ta taga, kore shar tun daga bakin teku har inda gajimare ya lulluɓe kan duwatsu. Watan Yuli ne, tsakiyar lokacin da mutanen tsibirin ke kira garabana, wato 'yan watannin da ruwan sama ke sassautawa daga Yuni zuwa Satumba, kuma saboda wannan sassaucin ne muka zaɓi lokacin. A cikin jakata akwai farin ƙyalle mai sanduna, da kwalaben gilashi ƙanana, da fil ɗin kafe ƙwari, da gilashin ƙara girma da nake ratayawa a wuya. Abin da ya kawo ni shi ne wasu ƙwari masu tsotsar ruwan tsiro, waɗanda masana ke kira dangin Miridae, da yawansu ba su fi ƙwayar shinkafa tsawo ba.

Ba a littafi na fara sanin wannan dangi ba, a gonar mahaifina ne. Wata shekara ya shuka sabon irin dawa mai curarriyar zangarniya, ta yi kyau a ido har maƙwabta suna zuwa kallo, amma da aka zo sussuka sai ƙwayar ta fito a motse, da jajayen ɗigo-ɗigo, wani sashe kuma fumfuna ta kama shi. Farafarar da ke gefe, mai sakakkiyar zangarniya, ba ta yi irin wannan lalacewa ba. Sai bayan na yi karatun ilimin ƙwari na san mai wannan ɓarna, wani ƙaramin ƙwaro ne da ake kira Eurystylus oldi, wanda ke soka tsinken bakinsa cikin ƙwayar dawa tun tana madara, macen kuma ta saka ƙwai a cikinta, idan dawa ta ƙare ya koma kan zurma. Danginsa shi ne mafi girma a cikin ƙwari masu irin wannan tsinken baki da fiffiken sama mai rabi kauri rabi kamar leda, domin nau'o'in da aka riga aka raɗa wa suna sun haura 11,000. A cikinsu akwai masu lalata koko a Ghana da Najeriya da Kamaru, irin su Sahlbergella singularis, waɗanda manoman Ghana ke kira akate, akwai kuma masu cin ƙwan wasu ƙwari, har manoma na amfana da su.

Labarin sunan wannan ƙwaro na dawa shi ne ya karkatar da ni zuwa aikin tantance nau'o'i. Shekaru da dama masu bincike a Mali da Nijar da Najeriya suna rubutu a kansa da sunaye daban-daban, wannan ya kira shi marginatus, wancan ya kira shi immaculatus, har mai karatu ya ɗauka ƙwari da yawa ne ke addabar dawa, kowane da ƙasarsa. Sai a 1995 wani masani mai suna Gary Stonedahl ya tattara samfura, ya kwatanta su da ainihin waɗanda aka fara raɗa wa sunayen, ya nuna cewa babban mai ɓarnar guda ne, kuma Bertil Poppius, ɗan ƙasar Finland, ya riga ya sa masa suna tun 1912. Daga nan ne binciken da aka yi a wata ƙasa ya zama mai amfani kai tsaye ga manomin wata ƙasar. Wanda ya ga irin wannan ruɗani ba zai ƙara ɗaukar raɗa wa ƙwaro suna a matsayin aikin banza ba.

Dalilin zuwa Sao Tome kuwa yana cikin tarihin ƙasar kanta. Tsibirin yana kimanin kilomita 250 daga gaɓar Gabon, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 850, kuma aman wutar dutse ne ya tayar da shi daga ƙarƙashin teku. Yana kan jerin duwatsun da ya taso daga tsibirin Annobon, ya bi ta tsibiran Sao Tome da Principe da Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, ya miƙa har tsaunukan Adamawa da tudun Biu na jihar Borno. Bioko ya taɓa haɗuwa da babban yankin Afirka a zamanin da teku ya ja baya, shi ya sa dabbobinsa suka yi kama da na Kamaru. Sao Tome bai taɓa haɗuwa da ko'ina ba a cikin shekarunsa da suka kai miliyan 13, saboda haka duk wata halitta ta asali da ke cikinsa sai da ta tsallako teku, ko iska ta ɗauko ta, ko ta hau kan tarkacen itatuwan da manyan koguna ke turowa. Wadda ta iso ta rayu sai ta keɓe daga 'yan uwanta na dubban dubban shekaru, har ta rikiɗe ta zama nau'i na daban. An san haka sosai game da tsuntsayen tsibirin da kwaɗinsa da tsirransa, amma ƙananan ƙwari irin nawa kaɗan ne suka kula da su.

Kwana uku muka yi a babban birnin muna neman takardun izini, na shiga gandun daji da na ɗibar samfura da na fitar da su daga ƙasar. Abokiyar aikina, wata masaniyar tsirrai 'yar tsibirin wadda ke fassara mini harshen Fotugis, ta koya mini kalmar da mutanensu ke yawan faɗa, leve-leve, wato a bi a sannu, na ce mata mu ma muna cewa sannu ba ta hana zuwa. A rana ta huɗu muka kama hanyar tudu ta garin Trindade, muka wuce Monte Cafe, ɗaya daga cikin tsofaffin gandayen da Turawan Fotugal suka kafa, waɗanda ake kira roça. An kawo koko waɗannan tsibirai daga Brazil a 1822, kuma a farkon ƙarni na 20 suna sahun gaba a duniya wajen nomansa, da gumin leburorin da aka kwaso daga Angola da Mozambik da Cape Verde. Wannan noma ya cinye kusan duk dajin ƙasa-ƙasa. Abin da ya tsira shi ne na kan duwatsu da na kudu maso yamma inda gatari bai iya kaiwa ba, kuma shi ne aka mayar gandun dajin Obo a 2006. Muka sauka a Bom Sucesso, lambun tsirrai da ke bakin gandun, a tsayin da ya haura mita 1,100, inda sanyin dare ya sa na nemi bargo duk da muna dab da layin da ya raba duniya biyu.

Hanyar kama waɗannan ƙwari ba ta da wuya a faɗe. Mutum zai riƙe farin ƙyalle a ƙarƙashin reshe, ya bugi reshen da sanda sau biyu ko uku, duk abin da ke kai ya zubo, sannan ya yi maza ya zuƙe abin da yake so da wata 'yar kwalba mai bututu biyu, ɗaya a bakinsa, ɗaya a kan ƙwaron, da raga a tsakani don kada ya shiga maƙogwaro. Wahalar tana cikin sauri da tausasawa, domin 'yan wannan dangi suna tashi da zarar rana ta taɓa su, kuma ƙafafunsu suna ɓallewa da ɗan taɓi kaɗan. Akwai kuma doka cewa ba a haɗa abin da aka samu a kan tsiro biyu cikin kwalba ɗaya. Da yawa daga cikinsu tsiro ɗaya tak suke rayuwa a kai, ko 'yan tsirrai masu kusanci, don haka ƙwaron da ba a san daga kan me ya faɗo ba ya rasa rabin labarinsa.

Tsakanin Bom Sucesso da bakin daji akwai gonakin kabeji da karas da tumatir, kuma a nan na fara. A kan tumatir na tarar da wani tsohon sani, Nesidiocoris tenuis, siririn ƙwaro mai cin ƙwan tsutsar nan ta Tuta absoluta da ta ƙone tumatirin Kadawa a 2016, ko da yake shi ma yana tsotsar tsiron idan ya rasa nama. A kan wasu ciyayi masu fure a bakin gona kuma na kama wani koren ƙwaro da ban gane ba nan take, launinsa ya fi wanda na saba gani haske, jikinsa kuma ya fi laushi. Da dare na ɗauki hotonsa na aika wa tsohon malamina a gida, wanda ya koya mini wannan aiki, sannan na kira shi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina jin na samu sabon abu tun ranar farko."

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, a bakin gona ka kama shi ko a cikin daji? Dubi wuyansa, ka ga zobe? Dubi kuma ƙarshen fiffikensa."

Na duba, na ga zoben, na ga kuma ɗan baƙin ɗigo a ƙarshen fiffiken. Ya ce wannan Taylorilygus apicalis ne, wanda aka sa wa suna tun 1861, yana kusan duk ƙasashe masu zafi na duniya, kuma nawa bai daɗe da yin saɓa ba, shi ya sa fatarsa ba ta gama tauri ba, launinsa bai nuna ba. Ya ƙara da cewa ciyawar bakin gona baƙuwa ce, ƙwarinta ma galibi baƙi ne, in ina neman ɗan asalin tsibiri in nemi itacen asalin tsibiri. Ya ce in riƙe karin maganar nan ta kama da wane ba ta wane, kuma in tuna tana aiki ta fuska biyu, domin abu biyu na iya yin kama ba iri ɗaya ba ne, abu ɗaya kuma na iya zuwa da kama biyu.

Washegari muka shiga daji tare da ja-goranmu, dattijo mai kimanin shekara sittin wanda ya yi ƙuruciyarsa yana farauta a waɗannan duwatsu kafin ya koma aikin gandun. Bambancin yana zuwa ne farat ɗaya. Ana barin gona ta ƙarshe sai haske ya ragu, ƙasa ta zama santsi, kowane reshe ya sha gansakuka har tana lilo kamar gemu, ruwa kuma yana ɗiga daga ganye ko da ba a yin ruwan sama, saboda gajimare yana ratsa dajin kamar hayaƙi. Ja-goran ya nuna mini Begonia baccata, tsiron da 'yan uwansa a wasu ƙasashe ake dasawa a tukunya, amma a nan ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Ya kuma gargaɗe ni da in dubi inda zan sa hannu, saboda baƙin kumurcin tsibirin, wanda aka daɗe ana ɗauka baƙo ne da aka shigo da shi, sai a 2017 aka tabbatar nau'i ne na musamman aka sa masa suna Naja peroescobari. Na yi ta tunani a hanya cewa idan maciji mai tsawon gaba guda ya jira har 2017 kafin ya samu sunansa na gaskiya, to ƙwaro mai milimita 3 ba abin mamaki ba ne ya daɗe yana jira.

Bayan tafiyar kusan sa'a biyu muka kai Lagoa Amelia, tsohon bakin dutsen aman wuta wanda ciyayi suka saƙa tabarma a kan ruwansa, har idan mutum ya taka sai ƙasar ta yi ta motsi a ƙarƙashin ƙafarsa. A gangaren da ke kewaye da shi na yi ta bugun rassa har azahar, ƙyallena ya jiƙe sharkaf, babu abin da ke faɗowa sai gizo-gizo da tururuwa da ɓawon itace. Ja-goran, wanda ya daɗe yana kallon yadda nake aiki, ya ce wa abokiyar aikina ta gaya mini in bar itatuwan cikin inuwa, in gwada wani ɗan itace da ke inda wata babbar bishiya ta faɗi rana ta samu shiga, domin ya sha ganin ƙananan tsuntsaye suna tsattsagar wani abu a kan furanninsa.

Bugu na biyu ne ya zubo da su. Guda biyar ne, kore mai haske kamar sabon tohon gero, suna tsaye cik a kan farin ƙyallen, sannan ɗaya ya fara gudu. Na zuƙe huɗu, na biyar ya tashi. Da na sa gilashi a kan kwalbar na ga jiki siriri mai kimanin milimita 3 da rabi, fukafukan sama kusan ana ganin abin da ke bayansu, idanu jajaye, gaɓar farko ta ƙahon ji baƙa ƙirin, sauran gaɓoɓin uku farare, da wani jan layi siriri a gefen wata 'yar kusurwa da ke ƙarshen fiffike. Guda yana goge tsinken bakinsa da ƙafafun gaba kamar mai wasa wuƙa. Na shafe shekaru ina kallon 'yan wannan dangi daga gonakin Kano zuwa dajin Kuros Riba, ban taɓa ganin wannan haɗin launi ba. Hannuna ya yi rawa, amma maganar Malam ta daren jiya tana kunnena, don haka abin da na rubuta a littafina shi ne lambar kwalba, da tsayin wurin, da lokaci, da kalmomin "ba a tantance ba".

Abokiyar aikina ta yanki reshe mai fure ta danne shi tsakanin takardu, ta ce itacen ɗan dangin kofi ne, daga jinsin Psychotria, kuma sai ta kwatanta shi da na ma'ajiyar tsirrai ta Bom Sucesso kafin ta faɗi nau'insa. Kwana uku muka yi muna komawa wurin, kuma abin da nake nema a lokacin ba ƙarin manya ba ne kawai, ƙanana nake nema. Babban ƙwaro mai fiffike yana iya sauka a kan kowane itace don ya huta, amma ɗansa, wanda ke yin saɓa sau biyar kafin ya samu fiffike, ba ya iya barin tsiron da uwarsa ta soka ƙwai a cikinsa. A rana ta uku na samu ƙanana bakwai a cikin curin furanni, masu jajayen idanu da baƙar gaɓar nan ta ƙaho, kuma na bugi itatuwa iri goma sha ɗaya da ke kewaye ban samu ko ɗaya ba. A ƙarshe muka tara manya 19, maza 8 da mata 11. Na bar sauran, domin itatuwan da muka samu ɗauke da su ba su fi shida ba.

Aikin dare ya fi na rana cin rai. Koren launin irin waɗannan ƙwari yana komawa rawaya cikin 'yan kwanaki bayan sun mutu, saboda haka sai an ɗauki hotonsu da rai an kuma rubuta launin da kalmomi. Sun yi ƙanƙanta da a soke su da fil, don haka ana yanka 'yar takarda mai kauri kamar kan mashi, a ɗiga gam a tsininta, a manna ta a gefen dama na ƙirjin ƙwaron, sannan a soke takardar. A ƙarƙashi ake sa bayanin ƙasa da wuri da tsayi da kwanan wata da tsiro da sunan wanda ya kama. A wuri mai laima irin wannan fumfuna tana iya cinye aikin mako guda cikin dare biyu, shi ya sa na rufe akwatin da ƙwayoyin silika masu shanye danshi, ina sauya su kowace safiya. Guda huɗu kuma na jefa su cikin sinadarin itanol mai ƙarfi don binciken ƙwayoyin gado.

Da na dawo gida na zauna gaban madubin ƙara girma na ɗakin bincike, sai ainihin tafiyar ta fara, kuma ta fi ta tsibirin tsawo. Matakin farko mai sauƙi ne. Ɗan kusurwar ƙarshen fiffike da ake kira kuniyus, da ɗakuna biyu rufaffu a sashen fiffiken mai kama da leda, da rashin ƙananan idanun da wasu ƙwari ke da su a saman kai, sun tabbatar ɗan dangin Miridae ne. Don sanin reshen dangin sai an dubi tafin ƙafa, inda ke da farata biyu da wasu 'yan zare biyu a tsakaninsu waɗanda ba a gani sai an ƙara girma sosai. Idan zaren masu kauri ne kuma kawunansu sun buɗe waje, reshen Mirinae ne, irin su ƙwaron dawa. Idan sun lanƙwaso suna neman haɗuwa, reshen Orthotylinae ne. Na nawa sun lanƙwaso ciki. Wannan ya faranta mini rai, ya kuma ɗaga mini hankali, domin babban jinsin wannan reshe, Orthotylus, yana da ɗaruruwan nau'o'i a faɗin duniya, mafi yawansu ƙanana ne kore masu kama da juna, kuma an san shi da yin rassa a tsibirai, kamar yadda ya yi a Hawaii.

A irin wannan hali launi ba ya yanke hukunci, al'aurar namiji ce ke yankewa. Na ciro ƙarshen cikin namiji guda, na jiƙa shi a ruwan sinadarin potash mai kashi 10 cikin ɗari da aka ɗan ɗumama har naman ya narke ya bar ƙashin fata, na wanke, na sa shi cikin ɗigon gilisarin, sannan na buɗe shi da fil biyu masu tsini kamar gashi. A ciki akwai ƙugiya biyu, ta hagu da ta dama, waɗanda namiji ke riƙe mace da su, da wasu ƙayoyi masu rassa da haƙora kamar zarto. Siffar waɗannan gaɓoɓi tana tsayawa daram a cikin nau'i ɗaya, tana kuma bambanta ƙwarai tsakanin nau'i da nau'i, ko da na waje sun yi kama kamar tagwaye. Na buɗe maza biyar don in tabbata abin da na gani ba naƙasar guda ɗaya ba ce, kuma duka biyar ƙugiyar damansu tana da yatsu uku, na tsakiya a lanƙwashe. Na zana su da hannu, domin zane yana tilasta wa ido ganin abin da hoto ke barin sa ya tsallake.

Daga nan sai karatu. Ba a cewa abu sabo ne sai an san duk tsofaffin, kuma tsofaffin suna warwatse cikin rubuce-rubucen fiye da shekara ɗari da harsuna da dama. Jerin sunayen dangin da José Carvalho na Brazil ya wallafa tsakanin 1957 da 1960, da wanda Randall Schuh ya fitar a 1995 aka kuma sa a intanet, su suka ba ni sunan kowane nau'i da aka taɓa bayyanawa daga Afirka da tsibiranta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, daga aikin Poppius na 1912 da 1914 da Jamusanci, zuwa na Thomas Odhiambo na Kenya, wanda ya kafa cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE a Nairobi a 1970, zuwa na Rauno Linnavuori, wanda ya yi yawon tattara ƙwari a Sudan da Najeriya da maƙwabtansu. Waɗanda aka zana al'aurarsu sun fita daga lissafi cikin sauƙi. Matsalar tana ga tsofaffin bayanai, inda marubuci ya kwatanta launi da tsawo cikin layuka kaɗan ba tare da zane ba.

Sunan nau'i a wannan ilimi yana rataye ne a kan samfurin asali da aka ajiye a wani gidan adana halittu, kuma idan bayani ya gaza, sai an koma ga samfurin. Na ƙwarin Afirka mafi yawansu suna Landan da Faris da Tervuren da Helsinki da Berlin. Abin da Leonardo Fea, ɗan Italiya, ya tattara a Sao Tome da Principe a 1900 da 1901 yana Genoa, yayin da tarin Lisbon, wanda ya ƙunshi abubuwa da yawa daga waɗannan tsibirai, ya ƙone a gobarar 1978. Abin yana damuna cewa ɗalibi a Zariya ko Yamai ko Sao Tome ba zai iya tantance ƙwaron bayan gidansa ba sai ya nemi hoto daga wata nahiya, kuma ina ganin wajibi ne duk wanda ya bayyana sabon nau'i a yau ya bar wani kaso na samfuransa a ƙasar da ya ɗebo su. Duk da haka dole in faɗi cewa masu kula da waɗannan ma'ajiyoyi da na rubuta wa sun amsa mini da karamci, kuma ba don kakanninsu na aiki sun kare waɗannan ƙwari daga fumfuna da gara na tsawon ƙarni ba, da babu abin kwatantawa.

Binciken ƙwayoyin gado ya taimaka, amma bai kai yadda mutane ke zato ba. An karanta wani sashe na ƙwayar gado mai haruffa 658 da masani Paul Hebert ya ba da shawara a 2003 a riƙa amfani da shi a matsayin lambar shaidar dabbobi. Sakamakon ya tabbatar cewa mazan da matan da ƙananan da na kama duk nau'i ɗaya ne, kuma wannan babban abu ne. Ma'ajiyar bayanai ta duniya ba ta nuna wani da ya yi daidai da shi ba, sai dai wannan ba hujja ba ce, domin kaɗan ne daga ƙwarin Afirka na wannan dangi aka taɓa karanta nasu.

Bayan wata biyar sunaye suka ragu zuwa guda ɗaya da ya hana ni barci, wani nau'i da aka bayyana daga babban yankin Afirka a farkon ƙarni na 20, kore, mai baƙar gaɓar farko a ƙaho, daga namiji guda da ba a taɓa buɗewa ba. Na roƙi mai kula da shi ta buɗe shi, ta nemi izinin shugabanninta saboda samfuri ne da ba shi da na biyu, kuma bayan wata biyu hotuna suka iso. Ƙwaron ya koma ruwan ƙasa, ƙafa biyu kawai suka rage masa, amma al'aurarsa tana nan lafiya lau. Ƙugiyar damansa miƙaƙƙiya ce kamar cokali, babu yatsa ko ɗaya. Na tafi da hotunan da zanena gidan Malam, ya sa tabarau ya daɗe yana duba su a zaure, sannan ya ce, "To, ɗana, yanzu kana iya fara rubutu."

Dokar raɗa wa dabbobi suna, wadda ke ƙirga farkonta daga aikin Linnaeus na 1758, ta shar'anta cewa a bayyana abin da ya bambanta sabon nau'in da sauran, a faɗa a fili cewa sabo ne, a ware samfuri guda wanda sunan zai rataya a kai, a kuma faɗi inda za a ajiye shi. Tun 2012 an yarda a wallafa ta intanet idan an yi rajista a ZooBank, wato kundin rajistar sunayen dabbobi. Na zaɓi namijin da ya fi cikar gaɓoɓi, ɗaya daga cikin huɗun nan na bugu na biyu, na sa masa jan lakabi, kuma mun yi yarjejeniya cewa kaso na sauran zai koma Sao Tome. Game da sunan, na tuna mujiyar Principe da aka bayyana a 2022, Otus bikegila, wadda aka sa wa laƙabin ma'aikacin gandun da ya taimaka aka gano ta. Na aika wa abokiyar aikina saƙo ta hau Bom Sucesso ta tambayi dattijon ko ya yarda ƙwaron ya ɗauki sunansa. Ta dawo mini da amsa cewa ya yarda, kuma ya ce a gaya mini rassa sun fara rufe gurbin da bishiyar ta faɗi, amma ya gano wasu itatuwa huɗu irin wancan a kan hanyar hawa dutsen Pico de Sao Tome, zai kai ni idan na dawo a garabana mai zuwa. Rubutun yana hannun masu tantancewa yanzu, kuma har sai ya fito, lakabin da ke ƙarƙashin samfuran yana ɗauke da lambar kwalba ne kawai.